Goran Ruwan Rijiya

Liya mai tuyar ƙosai a tashar jirgin ƙasa ta Kano ba ta san matar ba, amma ta kasa ɗauke ido daga kanta. Dattijuwa ce siririya, zanenta na saƙi ya koɗe, ƙafafunta duk kaushi. Da gani a ƙasa ta tako, wataƙila daga Fagge. Tana rungume da ƙaton gora, an toshe bakinsa da totuwa.

Ɗanta na leƙowa ta tagar jirgi, cikin kaki mai sabuwar guga. Ɗazu Liya ta ji yana cewa Ikko za shi, wato Legas, kwalejin safiyo, ya koyi zana taswirar bakin teku da awon ruwa.

"Sabo, karɓi mana," in ji uwar, tana ɗaga goran. "An ce ruwan can gishiri ne zalla. Wannan na rijiyarmu ne."

"Haba Inna, akwai famfo a can," ya ce ƙasa-ƙasa, yana satar kallon abokan tafiyarsa.

Liya na zaton baiwar Allahn nan ba ta taɓa ganin ruwan da ya fi kududdufi faɗi ba, kuma ba ta da kowa sai wannan ɗan.

Jirgi ya yi kuka, ya ja. Sai yanzu Sabo ke zuro hannu. Uwar na bin jirgin da sassarfa, totuwar ta faɗi, ruwa na jiƙa mata zane, hannun bai kai ba.

Ta dawo ta tsaya gaban kaskon Liya, tana haki.

"'Yar nan, to me zai sha?"