Majuyin Habila

Habila ɗan Matta ya zo Tanut ne shekarar babban fari, lokacin da manyan motocin da ke kai dawar taimako arewa suke ta mutuwa a hanya. Mutumin Damagaram ne, Kirista, a can ya koyi walda da ƙwanƙwasar bodin mota. Ya sauka da matarsa Hulda, tana goye da 'yarsu Roda. Ba shi da fili, ba shi da injin walda, sai hannu. Wani mutum mai suna Jika kuwa yana da fili a bakin tasha, yana da injin, hannun ne babu. Haka suka haɗu.

Gishiri da kanwa su ke cin motocin hanyar nan. Sai su cinye ƙasan kabin, ɗakin da direba ke zama, har mutum ya riƙa hango yashi tsakanin ƙafafunsa. Gyaran kuma sai an kwanta rigingine, tartsatsi na zuba a fuska. Habila ya gaji da wannan. Ya ciro cibiyoyin ƙafa biyu daga wata matacciyar mota, ya kafa su bisa turakun ƙarfe suna kallon juna. In an ɗaure kabin a tsakani, sai a juya shi kamar ana gashin rago. Ya kai inda ake so, a soka wata ƙusa mai kaurin rake, ya tsaya cak. Direbobi suka sa wa abin suna majuyi. Daga Tarka da Falanko, har daga Agadas, ake kawo aiki. Jika ya yi gidan siminti, ya je Makka. Habila na nan a gidan haya, ran Lahadi 'yan'uwansa Kirista, da ba su cika tabarma biyu ba, su taru a zaurensa.

Da fari ya komo a alif ɗari tara da tamanin da huɗu, aiki ya yi yawa har ba a iya cin abinci a zaune. Wata rana da hantsi Habila na durƙushe ƙarƙashin kabin ɗin motar Rissa, wani Buzu mai jigilar gishiri. Rissa ya zo yana faɗa, wai an riƙe masa mota. Alhaji Jika ya ce, "Zo ka ga cikin da idonka, aiki ya kusa." Jika bai leƙa ƙasa ba, bai gargaɗi Habila ba, ya zare ƙusar.

Kabin ya wulwulo da dukan nauyinsa ya sami Habila a ƙugu.

Yana kwance, bakinsa cike da yashi, bai iya ko ihu ba, amma kunnensa na ji. Abin da ya fara ji shi ne muryar Jika: "Ku ɗaga a hankali, kada ƙofar ta lotse."

A gidan likita wani jandarma ya zo tambaya. Jika ya tsaya a gindin gadon, ya sunkuyar da kai kamar mai jin kunyar faɗa.

"Ranka ya daɗe, na sha yi masa magana. Ka san mutanen nan da giya. Shi ya manta bai soka ƙusar ba."

Habila bai taɓa kai giya bakinsa ba. Ya ce, "Alhaji, ka ji tsoron Allah." Muryar ba ta fita sosai ba. Jandarman ya dube shi, ya dubi Jika, ya sa hularsa ya fita. Kafin la'asar maganar ta zaga tasha.

Da aka sallamo shi, ƙafafun ba su ƙara ɗaukarsa ba. Ya sa Hulda ta nemo masa Rissa. Rissa ya zo, ya zauna bakin ƙofa, ya gyara rawaninsa.

"Kai ka gani," in ji Habila. "Ka faɗa wa mutane kawai."

"Na gani. Amma motata har yanzu tana hannun Alhaji, kuma hanyar nan zan ci gaba da bi. Allah ya ba ka haƙuri."

Hulda ta ce su koma Damagaram. Habila ya ce da wace ƙafa, kuma wurin wa? Hatsi ya ƙare a gida. Ya sa aka ɗora shi a amalanke aka kai shi gareji. Jika ya karɓe shi da fara'a, ya sa aka ajiye masa tsohuwar taya kusa da majuyi, ya ba shi aikin soka ƙusa da zare ta. Duk baƙon da ya zo, Jika ya nuna shi da carbi: "Ka gan shi nan? Da hannunsa ya kashe kansa. Wani da tuni ya kore shi, ni ba zan iya ba." Baƙo ya ce Allah ya saka wa Alhaji. Habila na riƙe da ƙusa, yana kallon ƙasa. Da farko maganar kan yi masa zafi; daga baya ya daina jin komai, kuma wannan ya fi ba shi tsoro.

Bayan 'yan shekaru Jika ya tashi zai mai da garejin Damagaram. Masu aikinsa suka kasa kwance majuyin, sai da Habila ya nuna musu inda za su fara. Suka loda shi a mota suka tafi. Babu wanda ya ce wa Habila ya hau.

Ya koma kasuwa yana liƙe butoci da fitilu, Hulda na tuyar ƙosai a gefensa. Da daminar da ta biyo baya ƙugun ya ruɓe daga ciki, ya mutu.

Ranar da aka binne shi, Jika ya iso da sabuwar mota. Ya tsaya daga nesa har aka gama, sannan ya matso wurin Hulda, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Ki kwantar da hankalinki, Hulda. Duk abin da ya yi mini, na yafe masa."