Tsohuwa Mai Duba Damtsen Soja

A tashar Rano, Muntari yana jiran motar Kibiya ta cika, amma idonsa yana kan wata tsohuwa. Tana zaune ita kaɗai a ƙarshen benci, mayafinta ya koɗe, silifas ɗinta an ɗaure shi da waya. Ba ta da kaya, ba ta kuma tambayar inda kowace mota za ta.

Wani soja ya sauko daga motar Kano da jaka a kafaɗa. 'Yan kamasho suna ta "Ofisa! Yallaɓai!" yadda suke yi wa duk mai kaki. Ita kuwa ba fuskarsa take kallo ba, damtsensa take dubawa, leɓɓanta suna motsi.

"Sannu da hanya, Kofur," in ji ta.

Ya tsaya, ya ɗan rusuna. "Yauwa, Iya. Wa ya koya miki?"

"Ɗana. Ya ce igiya biyu kofur ne, uku saje, mai anini a kafaɗa kuwa hafsa ne, kada in ba shi kunya a gaban abokan aikinsa." Ta gyara mayafi. "Da igiya ɗaya ya tafi Barno. Yanzu kam ai ya kai uku."

Kofur ya gyara jakarsa, ya wuce.

Muntari yana zaton wayar da ke ƙulle a bakin zaninta ta daɗe ba ta yi ƙara ba. Wataƙila ma an zo an faɗa mata ɗan nata ba zai dawo ba, ta ƙi ji.

Ga wata motar tana shigowa. Tsohuwa ta miƙa wuya, tana neman mai igiya uku.