Kausara, Hannunki Ya Kai Ga Kowa

Na Allah muke, wurinSa kuma za mu koma. Ranar Talata, 13 ga watan Mayu, 2025, da hantsi, Allah Ya karɓi ran ƙanwata Kausara Amidu, ma'aikaciyar jinya a sashen masu larurar ƙwaƙwalwa, bayan ta yi fama da ciwon ƙoda. An yi mata sutura bayan la'asar a nan Kumasi. Ni ce yayarta Rafia, mai shagon atamfa a Adum. Mutane da yawa sun yi magana a kanta wurin zaman makoki, ni kuwa bakina ya ƙi buɗuwa. Shi ya sa na rubuta.

Kausara, kina rarrafe mahaifiyarmu ta rasu, ni kuma ban kai ga aure ba. A bayana kika girma. Da ke nake zuwa famfo, da ke nake tallar koko. Da kika ce aikin jinya kike so, ni na tsaya a gaban Baba har ya yarda. Da kika zaɓi sashen da 'yan Zango ke kira na mahaukata, ni na riƙa amsa masu baƙar magana a madadinki. Ina faɗar wannan ne don duk wanda ya tashi a wurin makoki sai ya ce, "Kausararmu." Ina zaune ina jin su, ina tambayar kaina yaushe kika zama tasu.

Na san lokacin. Shekarar da aka tura ki wani horo ce, kika dawo da abin da na ɗauka wasan yara ne. Mutum ya harɗe hannuwansa a ƙirji, ya riƙa bubbuga kafaɗunsa a hankali, dama, hagu, dama, hagu, yana numfashi. Ko ya bubbuga gira da ƙasan ido da ƙasan wuya da kan yatsu, yana ambatar abin da ke firgita shi. Wani kuma ki sa shi ya bi yatsanki da ido, nan da can, yana tuna abin da ya same shi kaɗan-kaɗan. Kin sha faɗa cewa wannan ba ya hana shan maganin likita, kuma wanda abinsa ya yi nauyi da kanki kike raka shi asibiti.

Wadda kika fara kawowa gidana ita ce Sahadatu, mai sayar da kayan miya. Motar haya ta trotro ce ta kife da su wajen Sofoline, ɗanta yana kan cinyarta, ita ta tashi, shi bai tashi ba. Tun daga ranar ba ta iya shiga mota. In direba ya danna oda sai ta durƙushe a bakin titi, jikinta na ɓari. Kasuwa ta gagare ta, dangin mijinta har sun fara maganar a mayar da ita gidansu. Kika ce ɗakinki ya yi ƙanƙanta, kika ari tsakar gidana da tabarmata. Watanni kina zama da ita duk Asabar. Daga baya kika riƙa raka ta tasha ku tsaya kawai, ba ku shiga. Ranar da kuka shiga, kuka wuce ta daidai wurin da motar ta kife, tana bubbuga gwiwoyinta tana kuka, ke kina gefenta, kuka dawo Zango da kwandon tumatir. Yadda kika shigo gida kina dariya ban taɓa ganin kin yi wa wani abu nawa irinta ba, ko ranar da na buɗe shago.

Daga nan tsakar gidana ta zama ta matan Asabar. Wadda gobara ta ci rumfarta ba ta iya jin ƙaurin hayaƙi, wadda ɓarayi suka tsare a hanya, wadda gabanta ke faɗuwa ba dalili. Har maza suka fara zuwa. Jibirin mai gyaran wuta, wanda ya faɗo daga tsani ya daina hawa, yau shi ke ɗaura fitilun masallacin unguwarmu. Ba ki karɓi ko sisi a hannun kowa ba. Ni ce mai dafa shayi, ni ce mai share wuri in sun watse.

Akwai ranar da limamin unguwa ya zo ganin abin da ake yi, don an kai masa labari. Ya tsaya a zaure ya ce, "'Yata, wannan bubbugawar, babu wani abu a ƙarƙashinta?"

Kika ce, "Allah Ya gafarta Malam, in jariri ya razana, me uwarsa take yi masa? Bubbuga bayansa take yi har ya yi shiru. Ba mu ƙara komai ba sai tsari."

Ya yi murmushi, ya sa albarka, ya tafi. Ina tsaye a bayanki da butar shayi. Ke ba ki san hannun uwa ba, Kausara, hannuna kika sani. Na jira ki juyo ki ce da su, "Ga wadda ta fara yi mini." Ba ki juyo ba, Sahadatu ta kira ki kika tafi.

Ita ce ta zama abokiyar tafiyarki. Anko tare, gidan suna tare. Baƙo in ya gan ku sai ya ce, "Ashe kina da ƙanwa." Ba ki gyara masa. In na zo da labarin kasuwa kina saurare da rabin kunne, wayarki na hannu, wata tana can tana jiran ki.

Da ciwo ya kwantar da ke, na rufe shago na dawo asibiti. Ni ke wanke ki, ni ke ba ki abinci a baki. Amma duk ranar da za a ɗaura miki na'urar wankin ƙoda, in tsoro ya taso miki numfashinki ya sarƙe, sai ki ce, "Yaya, kira mini Sahadatu." Ta zo ta zauna a bayanki tana bubbuga kafaɗunki, ni ina riƙe da kwano. Safiyar Talatar kika ce kina marmarin kunun gyaɗa irin nawa. Na koma gida na dama. Ina kan hanyar dawowa Abdul-Manan, mijinki, ya kira ni. A hannun Sahadatu kika cika, ita ta laƙƙana miki kalmar shahada. Na san ajali ba ya jiran kowa, na kuma san alheri ta yi miki. Duk da haka wurina ne ta zauna.

Da aka ce mu shiga mu yi miki wanka, ƙafafuna suka ƙi ɗaukata. Na zauna a bakin ƙofa, haƙorana na haɗuwa, ƙirjina kamar an ɗora masa dutse. Sahadatu ta durƙusa a gabana ta ce, "Anti Rafia, bari in gwada."

Na ce, "Ita ba ta taɓa yi mini ba."

Ta ce, "Na tambaye ta. Ta ce ke ba ki tsoron komai. Ta ce in kina wuri ita ma ba ta son ki ga tana tsoro."

Ta ɗora hannuwanta a gwiwoyina ta fara, dama, hagu, a hankali, yadda kike yi. Can numfashina ya dawo, na miƙe, na shiga na wanke ki da hannuna. Abin ya yi aiki, Kausara. Wannan ne ya fi ci mini rai: abinki ne, kuma sai ta hannun wata ya iso gare ni.

Bayan addu'ar bakwai matan Asabar suka turo Sahadatu ta tambaye ni ko su nemi wani wuri. Wata abokiyar aikinki ta ce za ta riƙa zuwa duba su. Na so in ce su nema. Na kalli fuskokinsu a zaure, na ga kowacce akwai guntunki a wurinta wanda ni ba ni da shi, kuma in suka tafi da shi za su tafi. Na ce su zo. Har yanzu in Sahadatu ta ba da labarinki sai na ji wani abu ya tokare ni, amma ba na tashi, ina zama in ji har ƙarshe.

Ya Allah, Ka jiƙan baiwarKa Kausara, Ka yafe mata, Ka haskaka makwancinta. Yadda ta kwantar da hankalin bayinKa a duniya, Ka amintar da ita daga firgicin kabari da na ranar tsayuwa. Ina miƙa ta'aziyya ga mijinta Abdul-Manan, da 'ya'yanta Irfan da Safia, da dangin Amidu na Kumasi da na Nijar, da abokan aikinta, da matan Asabar. Ga Sahadatu ma ina yi, don ita ma ta yi rashi, Allah Ya saka mata. Ya ba mu haƙuri baki ɗaya, Ya kyautata namu ƙarshen. In kuma Ya haɗa mu a Aljanna da rahamarSa, ina roƙon Ya bar mini ƙanwata ni kaɗai, ko na yini guda ne. Amin.