Ƙullin Fata a Motar Baba

"Har yanzu yana ƙarƙashinta?"

"Ga ƙafafunsa nan. Tun da aka fito sallar asuba."

"Wannan ai gawa ce. A yi mata sutura kowa ya huta."

"Yi a hankali, yana jin ka."

"To ya ji mana. Yau Juma'a, da an sauko 'yan gwangwan za su zo da sarƙa."

Masu wucewa kasuwar shanu ne, kuma Halliru ya ji su sarai. Bai fito ba. Ya dai goge baƙin man da ya ɗigo masa a gira, ya ci gaba da bin tiyon fetur da yatsa.

Duk wanda ke noman rani a bakin kogin Wudil ya san Halliru mai gyaran injin ban-ruwa. Daga Utai har Dagumawa ake ɗauro masa inji a bayan babur. Ba ya saurin kwancewa. Sai ya ɗora bakin sukudireba a jikin injin, ya kara ƙotar a kunne, ya lumshe ido, can ya ce, "Fulogi ne," ko "Ka shayar da shi yashi, Malam." Shekara ashirin ke nan yana wannan sana'a, kunnensa bai taɓa ba shi kunya ba. Sai a kan motar mahaifinsa.

Tsohuwar Fijo ce a-kori-kura. Marigayi Alhaji Salisu Direba ya yi shekara talatin yana jigilar tumatir da tukwane da ita tsakanin Darki da Kano. Tun da ya rasu take zaune a rumfar kwano da ke ƙofar gida, kaji na ƙwai a bayanta. Da Sallar da ta wuce, Ɗayyabu, babban wan Halliru, ya zo daga Kano ya ce shago zai gina a wurin.

"Na ba ka wata biyu," in ji shi. "In ta tashi ta fita da ƙafarta, taka ce. In ta ƙi, Bilya mai gwangwan ya ja ta ya yanka."

Yau wata biyun suka cika.

Babu abin da Halliru bai yi ba. Ya canza fulogi. Ya kwance kafireta ya wanke ta tas. Ya sauke tanki ya kwashe tsatsa. In ya guntsi fetur ya fesa a bakin kafireta, sai ta yi tari, ta ɗauka, ta yi ruri kamar da gaske. Kafin ya kai ga kujera sai ta shaƙe, ta mutu. Ke nan injin lafiya lau yake, mai ne ba ya isowa. To ina yake tsayawa?

Yatsansa ya bi tiyon daga tanki, ya bi, ya bi. Maimakon ya miƙe zuwa gaba, sai ya ji ya karya kwana ya shige wani rami a ƙasan motar, daidai ƙarƙashin kujerar direba.

Halliru ya janye hannunsa. Ya san abin da ke wurin.

Kowa a gidan ya sani. Wani ƙullin jar fata ne, kamar dunƙulen hannu, ɗinke ram. Baba bai taɓa tayar da mota ba sai ya yi bisimilla, ya sunkuya ya shafa shi. Ko lokacin da yake koya wa Halliru tuƙi, shi yake tayarwa sannan ya matsa. Layar Baba, haka suke kiransa tun suna yara. A wata biyun nan Halliru ya taɓa kowane noti a jikin motar, amma ko tsumma bai kai kusa da ƙullin ba.

Ya shiga gida. Mahaifiyarsu na zaune a kan tabarma tana tsince shinkafa.

"Inna, abin nan na ƙarƙashin kujera. Wane malami ne ya ba Baba?"

"Kai, Halliru! Me ya kai ka can? Cewa ya yi kada wanda ya taɓa."

"Ban taɓa ba. Tambaya nake."

"Ni ina na sani? Mahaifinku ba ya shawara da mace a kan mota." Ta watsa wa kaza tsakuwa. "Abin da na riƙe, shekarar da aka sace motar maƙwabcinmu ne. Ya wuni da wani bakanike a rumfar nan, sun saki labule kamar masu wankan jego. Washegari ya kira baduku."

"Baduku? Ba malami ba?"

"Ka ji ni da kyau. Je ka yi wanka, an kusa kiran sallah. Kada yayanka ya zo ya tarar da kai kamar an tsamo ka a tukunyar baba ta masu rini."

Bai yi wankan ba. Ya koma ya durƙusa a ƙofar direba. In laya ce fa? In ya ɓata wani tsari da tsohon ya ɗaura wa gidan? Ya yi bisimilla sau uku, ya ce, "Baba, ka yafe mini," ya cusa hannu.

Fatar ta bushe ƙamas. Ya matsa. Ba taushin takarda ya ji ba, ƙarfe ne, da ɗan kunne a samansa irin na kan famfo. Ya murɗa, ya ƙi. Ya ƙara ƙarfi. Sai ya ji ƙiris, ya juya, can ƙasa kuma wani siririn sauti na mai yana gangarowa.

"Allahu Akbar," in ji shi a hankali. "Ashe makullin ɓarayi ne, da shi Baba ke rufe fetur."

Da ƙyar ya samu sahun baya a masallaci, ya yi sallar rabin hankalinsa na rumfa. Ana sallamewa ya dawo da sauri, ya faɗa kujera, ya murɗa makulli.

Ƙas. Ƙas. Ƙas.

Ya sake. Ko tari ba ta yi ba. Wata biyu yana wahalar da batir, yau ya ce ga garinku.

Yana nan riƙe da sitiyari, zufa na bin bayansa, motar Bilya ta tsaya a ƙofar gida, sarƙa na ƙara a bayanta. Ɗayyabu ya fito daga gaba cikin farar shadda mai sitati, yana ƙamshin turare.

"Sannu da aiki, injiniya. Ta tashi?"

"Na gano ciwon, Yaya. Wallahi na gano."

"Haka ka ce ranar Talata."

"Malam Halliru, fito mana," in ji Bilya yana warware sarƙa. "Ina da wata motar a Darki kafin la'asar."

Halliru bai saki sitiyarin ba. Ya dubi gangaren da ya sauka daga ƙofar gidan zuwa titi. Taku talatin ne, ko ƙasa da haka. In ba ta ɗauka a nan ba, a hannun Bilya za ta tsaya. Ya taka kuloci, ya sa giya ta biyu, ya leƙo da kai ta taga.

"Yaya, don girman Allah, naɗe hannun rigar nan ka turo mini ita zuwa gangaren can. Sau ɗaya tak."