Sunan da Dela Ba Ta Faɗi

Duk mai sayen bandar kifi a Bagudo ya san Dela. Daga Kaoje ake kawo mata kifin ɗanye, ta yi bandarsa a bayan gida, ta ɗauki hotonsa ta ɗora a shafinta. Matan Segbana, can ƙetaren iyaka cikin Binin, a shafin nan suke ganin kaya su aiko direba. Ta yi yaƙi da jahilci tana da jikoki, don haka da kanta take latsa wayarta, a hankali, da yatsa ɗaya mai ƙanshin hayaƙi.

Abu guda ne Dela ba ta yi: ba ta kiran sunan ɗanta na fari. Zulkiflu ya yi gemu, ya aje iyali, amma a bakinta har yau “wancan yaron” ne.

Wata Laraba ɗiyarta Mansura, ma'aikaciyar asibiti, ta shigo da sauri ko gyale ba ta aje ba.

“Inna, kin ji? An fasa rumbun bayanan kamfanin da kika yi rajistar tallan kifi. Kalmomin sirrin mutane duk sun fita waje. Hussaina mai atamfa an ƙwace mata shafi, ana ta yaudarar mutane da sunanta.”

Dela ta saki murfin tanda. Ba kifin ta tuna ba, matan Segbana ta tuna, waɗanda suka yarda da ita ba su taɓa ganin fuskarta ba.

“To ni mi za ni yi?”

“Canzawa za mu yi yanzu. Wace kalma kika sa?”

Dela ta kau da kai, ta hau gyaran itace.

“Inna, ke nake tambaya.”

“Wadda ba ni faɗi.”

Mansura ta dube ta, sai ta fashe da dariya har da riƙe ciki. “Sunan Yaya! Inna, sunan Yaya kika sa?”

“Ke, rufa mini baki! Baki ne ke kunya, yatsa ba ruwanshi. Na ce abin da bai taɓa fita bakina ba, wa zai san shi?”

“Duk Bagudo! Ai abin da ba ki faɗi shi kowa ya sani. Kuma na rantse shi ne a imel, shi ne a shafin.”

“Ɗa guda na haifa na fari, guda nawa kike so in sa?”

Suka zauna kan tabarma. Mansura ta ce kowace ƙofa da makullinta, kuma ya yi tsawo, kada ya zama sunan kowa. Lambar da ake turowa ta waya kuwa, ko limamin gari ya tambaya, a ba shi haƙuri.

Dela ta jawo wayarta. Shekarunta a kasuwar iyaka sun bar mata Dandanci da Fillanci da ɗan Faransancin ciniki. Ta tsinto kalma nan, ta tsinto can, ta haɗa su yadda ba mai haɗawa, ta juya baya ta latsa.

Shafin ya buɗe lafiya. Saƙo ma na jiranta daga Segbana: kwando biyu, ran Juma'a.

“To Inna, mi kika sa?”

Dela ta cusa wayar a haɓar zane, ta koma bakin tanda.

“Wancan kunya ta hana ni faɗi. Wanga kuwa wayo ne. Miƙo mini tire.”