Turancin da na yi wa Inna

Shekarun baya can, ana dab da ba mu mulkin kai, aka ce ana neman 'yan Arewa masu aikin akawu a Kaduna. Jarrabawar rubutu na ci ta. Saura ta baki, inda Bature zai zaunar da kai ya yi ta jefo tambaya. A nan gizo ke saƙar, domin Turancina na takarda ne. Da an ce in yi magana sai harshena ya yi nauyi.

Malaminmu na makarantar Midil ya ce, "Kai, ba a koyon iyo a tudu. Kullum ka samu wanda za ka ba labarin yininka da Turanci, da ƙarfi, ko da kuskure." Abokaina ba su da aiki sai dariya, don haka na zaɓi shanunmu biyu da ke ɗaure a bayan gidanmu na Ƙofar Ran. Ɗalibai ne masu ladabi, ba su taɓa yi mini dariya ba.

Ni ɗan fari ne, kuma gidan Fulani. Mahaifiyata ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ma hira, ba ma ko haɗa ido. In za ta aike ni, da bango take magana. Rana ta uku ina cikin yi wa shanu bayani, sai na ji muryarta ta bayan zana.

"Wani dai ya daina firgita mini dabbobi. In karatu ne, ga tabarma."

Tunda an kira shi karatu, kunya ba ta hana ba. Kullum bayan la'asar tana dama fura, ta ba ni rabin baya, ni kuwa ina zuba. Ko kalma ɗaya ba ta ji, amma kunnenta ya fi na malam. Da na fara in-ina sai ludayi ya tsaya.

"Wani ya yi tuntuɓe. A sake."

Sai in sake, har maganar ta miƙe.

Da labarin kasuwa da na makaranta suka ƙare, na rasa abin faɗi, sai na shiga faɗin abin da ke raina. Na gaya mata ina ganin ta duk ranar da take leƙena ta zana in zan tafi makaranta. Na ce ina tsoron Kaduna. Na ce ina son ta. Ludayi bai tsaya ba sai da na kai aya. Sannan ta ce wa ƙwaryar, "Yau dai ba a yi tuntuɓe ba."

Baturen bai ba ni wahala ba, na samu aikin. Da na tafi, karatu ya ƙare, zaman ma ya ƙare. In na zo hutu sai gaisuwa daga bakin ƙofa, kamar dā.

Yau in matasa sun tambaye ni sirrin Turanci, nakan ce su nemi mai sauraro, su buɗe baki kullum, su faɗi abin da ya dame su da gaske. Amma in na faɗa sai zuciyata ta karye. Wata biyu kacal na yi ina hira da mahaifiyata, kuma ina kewarsu har gobe. Ta rayu shekara ashirin bayan nan, kullum ina cewa zan maimaita mata maganar ranar nan da Hausa. Har aka kai ta makwancinta ban iya ba.