Angama da Kujerun Manya

Ɗan goggona ne, don haka duk abin da na faɗa a kansa halal ne, in ya ji haushi kuma ya san hanyar gidanmu. Sunansa na gaskiya yana nan a takardar haihuwa, amma ko goggo da ta haife shi sai ta yi shiru kafin ta tuno. Angama kowa ke ce masa. Tun yana tatata bakinsa bai koyi "a'a" ba. Ɗebo ruwa, an gama. Kamo mini wata ka sa a aljihu, an gama, sai dai ya tambaya ko har da taurari. Allah da ikonsa ya haɗa shi da mace mai "a'a" ta mutum biyu, shi ya sa gidan bai kife ba.

Kafinta ne. Shekara goma sha tara ya yi a wata rumfar kwano a bakin titi, tsakanin mai faci da mai gyaran rediyo, har kunnensa na dama ya lanƙwashe saboda ɗaukar fensir. In damina ta sauka, ruwa ya fi zuba a cikin rumfar fiye da waje. Abu ɗaya ne ba a wasa da shi a kai, wato awo. Ka ce masa mummuna, zai ce an gama. Ka ce awonsa ya kuskure, sai ka ga jijiyar wuya ta miƙe kamar igiyar shanya. Tef ɗin awonsa ya fi 'ya'yansa samun shafa, kuma 'ya'yan sun sani.

Ana nan sai gwamnati ta kafa rundunar haɗin gwiwa don farautar 'yan ta'adda da 'yan damfarar intanet da manyan gungun masu fasa-ƙwauri. Hukumomi shida aka zuba a gini ɗaya: 'yan sanda, soja, kwastan, 'yan shige da fice, jami'an farin kaya, da masu kwamfuta. Ginin tsoho ne, hawa uku, kowace ƙofa da irin kukanta, dole a nemi kafinta. Aka ɗauki Angama gwajin wata uku, aka ba shi katin baƙo wanda yake mayarwa a bakin ƙofa kullum da yamma. Katin dindindin kuwa, mai hoto da shuɗiyar igiya, sai ya ci gwaji. Wannan kati shi ya shiga ransa ya yi kane-kane. Matar ma ta gaya masa tun ranar farko cewa in ya kuskura ya koma rumfa, ya tafi da katifarsa can.

Kafin ya taɓa guduma sai da aka sa shi ya sa hannu a takarda cewa abin da ya ji a ginin, a ginin zai bar shi. Daga ranar Angama ya zama mutumin sirri. Ko gishiri zai nema a gida sai ya waiga hagu da dama.

Shugabar rundunar tsohuwar mai bincike ce, gajeriya mai tabarau, wadda aka ce ta taɓa kallon wani ɗan fashi har ya amsa laifin da ba a tambaye shi ba. Ita ta ba shi babban aikin: teburin taro da kujeru shida na manyan hukumomin. Ta ce teburin ya zama zagayayye don kada a sami mai zama a kai, kujerun kuma iri ɗaya, sai dai tambarin kowace hukuma a bayan tata. Ita ba ta son kujera, a tsaye take taro, ta ce zama ke sa magana tsawo. Ranar taron farko ta faɗo daidai da ranar cikar gwajinsa.

To, Angama yana da ƙa'ida: ƙafar kujera ita ce ƙarshen yanka. Yakan bar ta da tsawonta, ya ja layin fensir a inda zarto zai bi, sai ranar ƙarshe ya yanke. Kujeru shida suna jere a shagonsa na bayan gini, kusa da janareta, kowace da dogayen ƙafafu kamar zalɓe, sai ga wani sajen 'yan sanda ya shigo ya tura ƙofa. Ya yabi katako, ya yabi hannu, ya tambayi iyali. Sannan ya rage murya ya ce ai maigidansa ya girmi sauran a aiki, a ɗan ƙara wa kujerarsa tsawon yatsa biyu, kuma maganar tsaro ce, daga shi sai shi.

"An gama," in ji Angama, ya sauke layin fensir yatsa biyu.

Washegari yaron babban kwastan ya zo da irin wannan waƙa, shi ya ce likita ne ya ba maigidansa shawara. Sojan bai roƙa ba, umarni ya bayar ya juya. Na farin kaya, Angama bai ga shigowarsa ba, juyowa kawai ya yi ya gan shi a bayansa yana shinshina gam. Ɗan shige da fice sai da ya nemi ganin katinsa tukuna. Masu kwamfuta ba su ma tako ba, saƙo ya gani a wayarsa, alhali bai taɓa ba kowa lambar ba. Kowa yatsa biyu, kowa sirri. Mako bai ƙare ba layuka shida suka sauka, kujeru suka koma daidai wa daida.

Saje ya dawo da ɗan kara a aljihu, ya gwada tasu, ya gwada ta kwastan, ya ɓata fuska ya ce ashe ba a yi ba. Nan Angama ya ga ta kansa. Ya yi, amma in ya faɗi dalilin da ya sa ba a gani ba, ya fasa sirrin mutum biyar, ga kuma takardar da ya sa wa hannu. Sai ya ce an gama, ya ƙara biyu. Sauran ma suka dawo ɗaya bayan ɗaya, kowa da abin gwajinsa, har da mai zaren takalmi. Sau biyar ana wannan zagaye. A na biyar layin fensir ya kai ƙarshen katako, babu sauran abin yankewa. Ba don itacen ya ƙare ba, da yanzu da tsani ake hawa.

Ana gobe taro ya koma gida ya zauna ya tasa abinci a gaba yana kallo. Matar ta tambaye shi abin da ya faru, ya ce sirri ne.

"Baban yara, wa ka ce wa an gama?"

"Mutum shida."

"A kan abu ɗaya?"

Ya sunkuyar da kai. Ta ce to bari ta fara naɗe masa katifar.

Da safe aka jera kujeru a ɗakin taro, aka ce kafinta ya tsaya a bakin ƙofa ko za a buƙace shi. Manya suka shigo da fayil-fayil a hammata, kowa ya hango tasa kujerar ya yi murmushin wanda ya ci zaɓe tun kafin a kaɗa ƙuri'a. Sai aka zo hawa. Babban sojan ya yi tsalle ɗaya ya dire a sama. Babban kwastan, mai tumbi, sai da ya ja da baya ya ɗauko gudu. Na masu kwamfuta, siririn mutum, ya hau ta gefe kamar mai hawa jaki. Da kowa ya daidaita, teburin yana wajen gwiwoyinsu, ƙafafu goma sha biyu kuma suna reto a iska kamar na yara a bencin asibiti.

Kowa yana zaton roƙonsa ne ya jawo, kuma ba mai son a tambaye shi. Shugaba ta dube su ta saman tabarau, ta buɗe taro kamar ba ta ga komai ba. Maganar wani gungu ce da ke yashe asusun mutane ta waya, su sayi makamai su tsallaka da su iyaka, kuma kowace hukuma tana da ɗan abin da ta sani ta zauna a kai kamar kaza a kan ƙwai. Ana ta jawabi mai nauyi a sama, a ƙasa ƙafafu na ta lilo. Babban ɗan sanda yana tsaka da cewa hukumarsa ba ta da wani sabon bayani, sai takalminsa ya suɓuce ya faɗi ƙwas, ya gangara ƙarƙashin teburi.

Shugaba ta rufe fayil ta ce a kira kafinta.

Angama ya tako. Ta tambaye shi, a hankali, wa ya ce ya yi kujeru haka. Idanu goma sha biyu suka sauko masa daga sama. Ya auna abin a ransa, don shi komai awo ne. In ya kira suna, ya karya takarda, kora. In ya yi shiru, ya ɓata aiki, kora. Ya hango katin nan mai shuɗiyar igiya yana ɗaga masa hannu. Sai ya faɗi abin da bai taɓa faɗa ba a shekara goma sha tara.

"Ranki ya daɗe, awona ne ya kuskure."

Goggo ta rantse a daidai lokacin ta ji abu ya soke ta a ƙirji tana gida.

Shugaba ta miƙa hannu ta karɓi tef ɗinsa. Ta bi kujerun ɗaya bayan ɗaya, da manya a kansu, tana aunawa. Babu wadda ta fi wata ko da silin gashi. Ta durƙusa ta leƙa cikin ƙafar ta kwastan, ta ga layukan fensir biyar a jere, tsakanin kowane yatsa biyu. Ta leƙa ta soja, haka. Ta miƙe ta kaɗe gwiwa.

"Malam kafinta, kuskure ba ya hawa matakala. Na sake tambayarka, wa ya sa ka?"

"Awona ne, ranki ya daɗe."

Ta bar shi ta juya ga manyan, ta yi musu irin kallon da ta yi wa ɗan fashin nan. Sojan ne ya fara fashewa da dariya har kujerarsa na rawa, ya ce shi dai yatsa biyu ya nema. Babban kwastan ya ce nasa na likita ne. Na farin kaya ya ce ba zai tabbatar ba, ba zai musanta ba, amma hawaye na zuba masa. Ɗakin ya kaure, har mai gadi ya leƙo ya ga ko lafiya.

Da ƙura ta lafa, Shugaba ta ce wata uku tana neman hukumomi shida su yi abu ɗaya a lokaci ɗaya ba tare da magana ta fita ba, ashe sun yi har sau biyar a shagon kafinta. Ta ce a duk ginin mutum ɗaya ta gani da ya riƙe sirri talatin, har ya gwammace ya zagi awonsa, don haka a je a ɗauki hotonsa yanzu a yi masa kati. Kujeru kuwa ba za a taɓa su ba tukuna. Duk ranar da kowace hukuma ta ɗora a teburi abin da take ɓoyewa kan gungun nan, a yanke layi ɗaya.

Haka aka yi. Bayan kowane taro Angama kan shigo da zartonsa, kati na reto a wuya, ya rage yatsa biyu. Mako na uku aka tsaya cak, don na farin kaya ya ƙi sakin wata lambar waya, sai da sauran suka yi masa taron dangi saboda cinyoyinsu sun gaji. A mako na shida ƙafar babban kwastan ta taɓa ƙasa, aka ce har ajiyar zuciya ya yi. An kama wasu daga cikin gungun daga baya, amma in ka tambayi Angama yadda aka yi, zai waiga hagu da dama ya ce sirri ne, alhali shi ma a rediyo ya ji.

Katin yana wuyansa har yau, da shi yake wanka, matar ta mayar da katifa kan gado. Kwanan baya sajen nan ya sake shigowa shagon ya tura ƙofa, ya yabi katako, ya ce ko za a ɗan ƙara wa matashin kujerar maigidansa soso. Angama ya buɗe baki, "an" ta riga ta fito, sai ya taɓa katinsa ya ce a je a tambayi Shugaba. Matar ta ce wannan rabin "a'a" ne, amma a danginmu sai da aka yi ta kiran juna a waya ana barka.